Wa ya fi kowa barin sawu a tarihin Arsenal?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga tambaya, kuma don Allah kada mutum ya jefo suna ɗaya ya gudu. Tun daga 1886 da ma'aikatan masana'antar makamai ta Woolwich suka kafa Arsenal, wa ya fi kowa tasiri a kanta? Abin da nake nufi da tasiri shi ne mutumin da in aka zare shi daga labarin, ƙungiyar za ta zama wata aba daban da wadda muka sani. A harabar Emirates an kafa mutum-mutumin Chapman da Adams da Henry a 2011, aka ƙara na Bergkamp da Ken Friar a 2014, na Wenger kuma a 2023. A fara daga nan, amma wanda yake da wani suna ya kawo, da hujjarsa.

Ɗan Auta:
Wa alaikumus salam. Baba ai wannan ba ta buƙatar dogon turanci. Wenger ne. Shekara 22, wasa 1,235, Firimiya uku, Kofin FA bakwai, ga kaka guda cur ba a doke shi ba. A tashi taro.

Malam Mai Tarihi:
Auta, zauna tukuna. Ranar da Wenger ya iso a 1996 ya tarar da ƙungiyar da ta riga ta ci lig sau goma. Ranar da Herbert Chapman ya iso daga Huddersfield a 1925, babu lig ko ɗaya, babu Kofin FA ko ɗaya, kuma a kakar da ta gabata da ƙyar suka tsira daga faɗawa rukuni na biyu. Kakarsa ta farko suka ƙare na biyu. A 1927 suka kai wasan ƙarshe na Kofin FA, Cardiff ta ci su 1-0. A 1930 suka ɗauki kofin a hannun Huddersfield ɗin da ya baro, 2-0. Kakar 1930-31 suka ci lig da ƙwallo 127, suka zama ƙungiyar Landan ta farko da ta taɓa yin haka. Suka sake a 1933. Ya rasu ranar 6 ga Janairun 1934 da ciwon huhu, a tsakiyar kaka, amma ƙungiyar da ya haɗa ta ci lig a 1934 da 1935 da 1938, da Kofin FA a 1936. A Nuwamban 1934 da Ingila ta kara da Italiya a Highbury, filin Arsenal na wancan lokacin, 'yan Arsenal bakwai ne a cikin sha ɗayan farko.

Sannan ga abubuwan da ba kofi ba. Farin hannun rigar nan da kake sawa, shi ya kawo shi a 1933. Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke kusa da filin, Gillespie Road ake ce mata, shi ya matsa har aka mayar da sunanta Arsenal a 1932.

Ɗan Auta:
Malam na ji, amma ƙwallon wancan zamanin ai gudu da dungure ne kawai. Wace dabara ce a ciki?

Kociya:
Ƙanina, dabarar da ke cikinta ita ce tushen yadda ake tsaron gida har yau. Bari in warware maka.

Kafin 1925 dokar satar gida ta ce sai akwai abokan hamayya uku tsakanin ɗan gaba da layin raga a lokacin da aka ba shi ƙwallo. Gola ɗaya ne, saura biyu. Shi ya sa kowa ke buga 2-3-5: 'yan baya biyu sun isa, domin in ɗaya ya tako gaba taku biyu, ɗan gaban ya faɗa tarko. Bill McCracken na Newcastle ya ƙware a wannan har wasa ya fara gundurar 'yan kallo. Sai aka rage adadin daga uku zuwa biyu. Nan take ƙwallayen rukunin farko suka tashi daga 1,192 a kakar 1924-25 zuwa 1,703 a 1925-26. Yanzu in ɗan baya ɗaya ya tako gaba ya kuskure, lamba tara ya rage daga shi sai gola.

A Oktoban 1925 Newcastle ta yi wa Arsenal 7-0. Daga nan gyaran ya fara, kuma ba a rana ɗaya aka gama shi ba. Na farko, ɗan tsakiyar tsakiya, wanda a da shi ne mai raba ƙwallo yana bin hari, aka janyo shi baya ya tsaya a jikin lamba tara. Herbie Roberts, da aka sayo fam 200 daga Oswestry, shi ya zama gwanin wannan aiki: ya sa kai, ya share, ya miƙa wa na kusa, kada ya tsallaka tsakiya. Na biyu, tunda an samu mutum a tsakiya, 'yan bayan nan biyu suka buɗe gefe suka riƙe 'yan gefen abokan hamayya. Na uku, 'yan tsakiya biyu da suka rage suka matso ciki. To nan matsala ta taso: ka cire mai raba ƙwallo daga tsakiya, wa zai haɗa baya da gaba? Sai aka janyo biyu daga cikin 'yan gaba biyar suka sauko ƙasa. Ka samu 3-2-2-3, wanda in ka zana shi a takarda za ka ga W a sama da M a ƙasa.

Tsarin ba ya aiki in babu mai ƙafar da zai karɓi ƙwallo a baya ya jefa ta nesa daidai. Shi ya sa sayen Alex James daga Preston a 1929 ya fi komai muhimmanci. Arsenal takan ja baya da gangan, ta bar abokan hamayya su taru a rabinta, da an ƙwace sai James ya cilla wa Joe Hulme a dama ko Cliff Bastin a hagu. Su kuma ba sa bin layi su yi kurosin kamar sauran 'yan gefen zamanin, ciki suke yankowa su buga da kansu. Haka Bastin ya tara ƙwallo 178 yana ɗan gefe, kuma ba a wuce shi ba sai 1997. Wanda ya kalli Pires yana yankowa daga hagu ya kalli tsohon zane ne da sabon fenti.

Sarkin Gardama:
Kociya ka yi bayani, amma ka ci haƙƙin mutum. Charlie Buchan, kyaftin ɗin ƙungiyar, shi ya daɗe yana naci a janyo ɗan tsakiyar baya. Kuma ba Arsenal kaɗai ta yi tunanin ɗan baya na uku ba, wasu ƙungiyoyin ma sun gwada a lokacin. Abin da za a ba Chapman shi ne ya kammala tsarin kuma ya sayo mutanen da suka dace da shi.

Amma ni duk ba nan nake ba. Ku duka kun tsallake mutumin da ba shi da mutum-mutumi kuma ba za a taɓa yi masa ba: Henry Norris. A 1910 Woolwich Arsenal ta karye, ba kuɗi, ba 'yan kallo, tana can kudu maso gabashin Landan inda zuwa ke da wuya. Norris, wanda yake shugaban Fulham, ya saye ta. Ya so haɗe ta da Fulham, hukumar lig ta hana. A 1913, shekarar da ta faɗa rukuni na biyu, ya ɗauke ta ɗungurungum ya tsallakar da ita kogin Thames zuwa Highbury, ya yi hayar filin wata kwalejin addini a kan fam 20,000 na shekara 21. Dalilin zaɓen wurin a fili yake: unguwa mai cunkoson jama'a, ga tashar jirgi a ƙofa. Tottenham ta yi kuka, ba a saurare ta ba.

Sai 1919. Bayan yaƙi aka faɗaɗa rukunin farko daga ƙungiya 20 zuwa 22. Arsenal ta biyar ta ƙare a rukuni na biyu a kakar ƙarshe kafin yaƙi, ba ta cancanci hawa ta hanyar maki ba. Aka kaɗa ƙuri'a, ta samu 18, Tottenham 8. Tun daga ranar ba ta sake sauka ba. An daɗe ana zargin an yi wani abu a bayan fage, ba a taɓa tabbatarwa ba, don haka mu bar kaza cikin gashinta. Kuma wa ya ɗauko Chapman a kan albashin fam 2,000 a shekara? Shi ne. Ku cire Norris, babu Highbury, babu gaba da Tottenham, babu Chapman.

Maman Hanif:
Sarki, mutumin da hukumar FA ta haramta wa harkar ƙwallo har abada a ƙarshen shekarun 1920 saboda badaƙalar kuɗi, shi za mu ɗora a sama?

Sarkin Gardama:
Hajiya, Baban Khalifa tasiri ya tambaya. Da halin kirki ya tambaya da na kawo wani.

Malam Mai Tarihi:
Maganar Sarki tana da ƙarfi, ban musa ba. Inda na rabu da shi: Norris ya samar da fili da kujera a rukunin farko, amma daga 1919 zuwa 1925, yana shugabanci, ƙungiyar ba ta taɓa wuce ta tara ba. Ya ƙayyade wa kocinsa Leslie Knighton kuɗin sayen ɗan wasa har abin ya zama abin dariya. Sai da Chapman ya zo hannunsa ya saku. Dubi cinikin Buchan daga Sunderland: fam 2,000 a hannu, da fam 100 kan kowace ƙwallo da zai ci a kakar farko. Ya ci 21, aka biya ƙarin 2,100. A 1928 kuma aka sayo David Jack daga Bolton a kan sama da fam 10,000, kuɗin da ba a taɓa biya wa ɗan wasa ba a duniya. Gida Norris ya gina, amma kango ne kafin Chapman ya shiga.

Maman Hanif:
To tunda maganar wanda ya tarar da kango ake, ku ba George Graham haƙƙinsa. Bayan lig da Kofin FA na 1971 a ƙarƙashin Bertie Mee, shekara 18 Arsenal ta yi ba lig. Graham ya zo daga Millwall a 1986. Bai kashe wasu kuɗin a-zo-a-gani ba: Winterburn daga Wimbledon a 1987, Dixon da Bould daga Stoke a 1988, Adams ɗan gida, ya ɗaura masa kyaftin yana ɗan shekara 21. Ga Rocastle da Thomas da Merson duk daga makarantar ƙungiya.

Ranar 26 ga Mayun 1989 a Anfield, sai sun ci Liverpool da tazarar ƙwallo biyu za su ɗauki lig. Kowa ya zaci zai buɗe wuta tun farko, sai ya sa 'yan bayan tsakiya uku, O'Leary da Adams da Bould. Lissafinsa shi ne a je hutun rabin lokaci ba ci, domin in Liverpool ta ci ɗaya sai an ci uku. Smith ya sa kai daga bugun tazarar Winterburn a minti na 52, Thomas ya ci ta biyu a ƙarin lokaci. Maki 76 kowa, tazarar ƙwallo iri ɗaya, aka raba da yawan ƙwallayen da aka zura, 73 da 65. Kakar 1990-91 kuwa wasa ɗaya kacal suka sha kashi, a gidan Chelsea, ƙwallo 18 aka zura musu a wasa 38, duk da an zaftare musu maki biyu saboda dambe a Old Trafford. Sannan kofuna biyu a 1993, da Kofin Turai na masu riƙe da kofi a 1994, Parma 1-0.

Tsohon Gola:
Hajiya ta taɓo inda nake so. Mutane suna tuna hannun Adams a sama yana neman a busa satar gida suna dariya, ba su san aikin da ke ƙarƙashinsa ba. Tarkon satar gida na mutum huɗu yana da sharuɗɗa, in ɗaya ya faɗi duka ya faɗi.

Sharaɗin farko, murya ɗaya. Mutum ɗaya ne ke cewa a tako, sauran ba sa tunani. In biyu suka yi kira, layin ya karye. Na biyu, ana takowa ne kawai in mai riƙe da ƙwallo yana cikin matsi ko ya juya baya. In ya ɗaga kai ba kowa a jikinsa, ja baya ake yi, domin yana da lokacin da zai jira mai gudu. Na uku, ɗan bayan gefen da ke nesa da ƙwallo shi ne haɗari. Shi yake ganin layin duka, kuma shi ya fi yawan yin barci taku ɗaya a baya, ya halatta ɗan gaba. Na huɗu, wanda ya taso a guje daga tsakiya tarko ba ya kama shi, sai ɗan tsakiyarka ya bi shi. Na biyar, gola ya tsaya a bakin da'irarsa ya share duk dogon da ya wuce.

Graham ya sa su maimaita wannan a filin atisaye kusan kullum, su huɗu da 'yan gaba da suka fi su yawa, har ƙafa ta haddace. Kuma ku lura an sauya doka a kansu sau biyu: a 1990 aka ce wanda yake kafaɗa da kafaɗa da ɗan baya bai yi satar gida ba, a 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan wasansa ya mayar masa da ƙafa. Duk suka jure. Seaman ya zo daga QPR a 1990. Waɗannan biyar Wenger ya gada, da su ya ci lig da Kofin FA a 1998.

Sarkin Gardama:
Ku faɗi ƙarshen labarin mana. Kakar 1992-93 ƙwallo 40 Arsenal ta ci a lig, babu wadda ta kai ta ƙaranci, ta ƙare ta goma. Ya sayar da Rocastle, ya ajiye Limpar, tsakiya ta koma masu gudu da tare hanya, komai a jefa wa Ian Wright. Kuma a Fabrairun 1995 aka kore shi saboda karɓar fam 425,000 daga hannun dillalin 'yan wasa Rune Hauge. Hajiya da ta ƙi Norris saboda kuɗi, sai ga ta da Graham.

Maman Hanif:
Ka kama ni, na yarda. To na janye Graham, na bar Adams. Wasa 669, ƙungiya ɗaya tun daga farko har ƙarshe, ya ɗaga kofin lig a 1989 da 1991 da 1998 da 2002. Kuma da bai karɓi Wenger ba, da ɗakin sauya kaya bai karɓe shi ba. Wenger baƙo ne da ya taso daga aikin koci a Japan, jaridu na tambayar ko waye, ya zo ya hana giya da cakulan, ya sauya abinci. Adams kuwa a daidai 1996 ya fito fili ya ce shaye-shaye ya fi ƙarfinsa kuma ya daina. Kyaftin da ya ajiye kwalba da kansa, wa zai yi wa koci gardama a gabansa?

Ɗan Auta:
Kun ga duk hanyar da kuka bi Wenger take ɓullewa.

Mai Lissafi:
Auta, ka riƙe gaskiya amma da hujja mara nauyi. Kofuna ba su ne babbar hujjar Wenger ba, ciniki ne. Bi wannan zaren: Anelka, fam 500,000 daga PSG a 1997. Aka sayar wa Real Madrid a 1999 a kan sama da fam miliyan 22. Daga kuɗin aka sayo Henry daga Juventus a kan miliyan 11, aka gina filin atisaye na London Colney a kan kusan miliyan 10. Kafin nan haya suke yi a filin ɗaliban jami'a. Yaro ɗaya ya haifar da wanda ya fi kowa cin ƙwallo a tarihin ƙungiyar da kuma gidan da ake horo har yau. Vieira miliyan 3.5 daga AC Milan. Ljungberg miliyan 3. Kolo Toure fam 150,000 daga ASEC Mimosas. Sol Campbell kyauta, daga Tottenham ma.

Kociya:
In ƙara a kan na Mai Lissafi, sirrin arahar shi ne yakan sayi mutum don aikin da bai taɓa yi ba. Petit ɗan baya ne mafi yawa a Monaco, ya mayar da shi tsakiya kusa da Vieira. Lauren ɗan tsakiya ne, ya koma bayan dama. Toure ya yi yawo a wurare kafin ya zauna a bayan tsakiya. Henry kuwa a gefe Juventus ta ajiye shi, ya zo ya yi wasa takwas bai ci ba, Wenger ya dage sai ya buga gaba.

Ƙungiyar 2003-04 a takarda 4-4-2 ce, amma da ƙwallo a ƙafa ba ta da lamba tara a tsaye. Henry ya zame hagu, Pires ya yanko ciki, Ashley Cole ya wuce ta waje, mutum uku a kan ɗan baya ɗaya. Bergkamp ya sauko tsakanin layuka, Ljungberg ya taso daga dama ya shiga ramin da Henry ya bari. Abin da ya hana a ci su a harin ramuwa shi ne Gilberto, wanda ba ya barin gaban 'yan baya, da Lauren da ba ya hawa kamar Cole. Nasara 26, canjaras 12, maki 90, suka ci 73 aka ci su 26. Jerin rashin shan kashin ya kai wasa 49 kafin a doke su a Old Trafford a Oktoban 2004.

Sarkin Gardama:
To wa ya kawo Wenger? David Dein. Ya sayi kashi 16.6 na hannun jari a 1983 a kan fam 292,000, ya haɗu da Wenger tun 1989, ya yi ta tallarsa ga sauran daraktoci har suka yarda. Shi ne mai zama teburin ciniki. Bergkamp ma a 1995 ya zo daga Inter a kan miliyan 7.5, zamanin Bruce Rioch, kafin Wenger ya taka Highbury. Dein ya bar ƙungiyar a Afrilun 2007, Henry ya tafi Barcelona bayan wata biyu. Ku duba Wenger kafin 2007 da Wenger bayan 2007 ku gaya mini mutum ɗaya ne.

Mai Lissafi:
Tafiyar Dein ta yi illa, amma ba ita kaɗai ba ce. Ga yadda filin ya ɗaure ƙafar ƙungiyar. Bayan turmutsitsin da ya kashe 'yan kallo a filin Hillsborough a 1989 aka wajabta kujeru, Highbury ta koma ɗaukar mutum 38,000 da 'yan kai. Faɗaɗawa ba ta yiwuwa, gidaje sun kewaye ta kuma rumfar gabas gini ne da doka ta hana rushewa. An gwada buga wasannin Zakarun Turai a Wembley kaka biyu daga 1998, aka ga jama'a na nan. Sai aka tafi Ashburton Grove, inda aka gina Emirates, kujera 60,000, aikin duka kusan fam miliyan 390, har da sake wa ƙaramar hukuma wurin sarrafa shara da aka tayar.

Don a samu kuɗin gini a hannu, aka ƙulla dogayen yarjejeniyoyi. Ta Emirates a 2004 kusan miliyan 100 ce, sunan fili shekara 15, riga shekara 8. A ranar ta yi kyau. Bayan 'yan shekaru farashin talla ya tashi, abokan hamayya suna sabuntawa da tsada, Arsenal tana ɗaure da tsohon farashi har wajen 2014. A 2006 aka mayar da bashin takardun lamuni na miliyan 260 da ake biya shekara da shekaru. Gidajen da aka gina a tsohuwar Highbury don a sayar suka faɗa cikin karyewar kasuwar 2008. Kuma duk lissafin an yi shi ne don a kamo Manchester United, ba wanda ya hango Abramovich a Chelsea a 2003 ko kuɗin Abu Dhabi a Manchester City a 2008. A cikin wannan ƙunci Wenger ya riƙe huɗun farko kaka 20 a jere. Kuɗin Zakarun Turai na kowace shekara su suka sa bashin bai shaƙe ƙungiyar ba. A nan Danny Fiszman da Ken Friar suka cancanci ambato, su suka ɗauki aikin filin a ka, shi ya sa gadojin shiga biyu suke ɗauke da sunayensu.

Tsohon Gola:
Bashi ya yi bayanin sayar da Fabregas da Nasri a 2011 da Van Persie a 2012. Bai yi bayanin komai ba. A 2008 Diarra ya tafi a Janairu, Flamini da Gilberto suka tafi a bazara, masu tsare tsakiya uku cikin wata bakwai, ba a maye gurbinsu da irinsu ba. Sakamakon shi ne 'yan bayan gefe biyu suna hawa lokaci guda, ba mai tsayawa, a ƙwace ƙwallo sai ka ga biyu da biyu a baya. A bazarar 2015 kuma akwai kuɗi, aka sayo gola Cech kaɗai, ba ɗan fili ko ɗaya a babbar tawaga, Leicester ta ci lig da tazarar maki goma. Wannan taurin kai ne. Ko a wasan ƙarshe na Zakarun Turai na 2006 a Paris da aka kori Lehmann a minti na 18, abin da ya kai su can wasa goma ne a jere ba a zura musu ƙwallo ba, da Eboue da Toure da Senderos da Flamini a baya. Ya ga abin da tsaro ke yi, bai gina a kai ba.

Ɗan Auta:
Yanzu ba wanda zai ce komai a kan 'yan wasa ke nan? Henry, ƙwallo 228, takalmin zinare huɗu, kaka ɗaya ya ci 24 ya bayar aka ci 20. Kanu kuma fa? Stamford Bridge, Oktoban 1999, Chelsea tana gaba da 2-0, ya ci uku cikin minti 15, ta ƙarshen daga kusan kan layi. Miliyoyin magoya baya a Afirka ta ƙofarsa suka shigo.

Malam Mai Tarihi:
Maganar Kanu gaskiya ce, kuma irin tasirin da ba ya fitowa a teburi ne. Shi da Lauren da Toure sun buɗe wa ƙungiyar nahiya guda. Henry kuwa shi ne gwani na gwanaye, ba jayayya. Amma a ma'aunin Baban Khalifa, ɗan wasa yana tafiya da ƙafarsa. In dole sai an zaɓi ɗan wasa, Bergkamp zan ɗauka, domin zuwansa ya nuna wa manyan 'yan wasan Turai cewa ana iya zuwa ƙungiyar da ake yi wa waƙar 1-0 saboda yawan cin wasa da ƙwallo ɗaya tak.

Ni ma'aunina shi ne abin da ya faru bayan mutum ya tafi. Joe Shaw da ya ƙarasa kakar 1934 ma'aikacin Chapman ne. George Allison da ya ci 1935 da 1938 darakta ne a zamaninsa. Tom Whittaker da ya ci 1948 da 1953, Chapman ne ya mayar da shi mai kula da lafiyar 'yan wasa bayan rauni a gwiwa ya kashe masa wasa. Lig bakwai na farko duk daga gida ɗaya suka fito, shekara 19 bayan an binne mai gidan.

Maman Hanif:
Malam, da wannan ma'aunin ai ba a gama auna Wenger ba. Wa ya sayo Arteta daga Everton a 2011 ya ba shi kyaftin? Mertesacker da ya karɓi makarantar yara a 2018, sayen wa ne? Edu da ya dawo darakta a 2019 yana cikin tawagar 2004. Kuma in za a yi adalci a ambaci Vic Akers, wanda ya kafa ƙungiyar mata a 1987, daga baya ya haɗa da kula da kayan wasan maza, ya kai su suka ci kofin Turai a 2007. Shi kam ko kango bai tarar ba.

Sarkin Gardama:
Arteta shekara uku da rabi ya yi a gefen Guardiola kafin ya dawo a Disamban 2019. Ku kalli yadda yake tura ɗan bayan gefe cikin tsakiya da yadda yake haɗa bugun kwana, ku nuna mini Wenger a ciki.

Kociya:
Ɗan baya ya shigo tsakiya, a bar uku a baya, biyu a gabansu, biyu a sama da su, uku a gaba. Sarki, ɗauki biro ka zana shi ka turo mana hoton.